Na girka LibreNMS amma na'urori sun ƙi shiga: ta ina zan fara ƙidayar kayan netwok?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da kwamfutoci a wata makaranta mai zaman kanta, gine-gine uku ne. Muna da rauta ta MikroTik, da siwic na Cisco guda biyu da aka sayo na hannu, da wasu ƙananan siwic, da na'urorin Wi-Fi na Ubiquiti, da firintoci, da kyamarori, da kwamfutoci wajen sittin. Shugaban makaranta ya ce kafin ƙarshen zango yana son cikakken lissafin kayan, da lambar kowanne da inda yake. Wani aboki ya ce in girka manhajar sa ido kan netwok, ita za ta nemo komai da kanta. Na girka LibreNMS, na'ura biyu kawai suka shiga, sauran sai ta ce ba ta same su ba. Ina kuskurena yake? Ita ce ma ta dace da wannan aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin nan naka rabin gaskiya ya faɗa maka. Manhajar za ta nemo kaya da kanta, amma sai waɗanda aka riga aka koya wa amsa mata. Ita ba ta da ido, tambaya take yi. Na'urar da ba a buɗe wa baki ba, ko shekara za ta yi tana aiki a kan netwok, manhajar ba za ta san da zamanta ba. Don haka mafi yawan aikin da ke gabanka ba a cikin LibreNMS yake ba, a jikin na'urorin yake, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma abu na biyu da ya kamata ka raba tun yanzu, don shi ke rikita mutane. Abin da shugabanka ke so shi ne: me makaranta ta mallaka, ina yake, a hannun wa? Abin da LibreNMS ke amsawa kuwa shi ne: me ke raye a kan netwok a wannan lokacin, kuma yaya lafiyarsa? Tambayoyin sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Siwic ɗin da ke ajiye a sito cikin kwalinsa kadarar makaranta ce, amma ba zai taɓa fitowa a LibreNMS ba. Wayar wani malami da ta hau Wi-Fi kuwa tana iya bayyana a teburin adireshi alhali ba taku ba ce. Littafi biyu za ka riƙe, kuma lambar siriyal ce igiyar da za ta ɗaure su. Zan dawo kan littafi na biyu. Mu fara da abin da ya hana na'urorinka shiga.

Harshen da manhajar ke magana da shi sunansa SNMP. Tsohon harshe ne, tun 1990 aka fitar da ƙa'idarsa a takardar RFC 1157, kuma har yau kusan duk wani siwic ko rauta na kirki yana jin sa. Sabar ɗinka, wato kwamfutar da ka girka LibreNMS a kanta, na aika tambaya ta UDP zuwa ƙofa ta 161 ta na'urar, ita kuma ta mayar da amsa. Kowace tambaya tana da lamba. Misali 1.3.6.1.2.1.1.5.0 tana nufin "wane ne sunanka", 1.3.6.1.2.1.1.6.0 "a ina kake", 1.3.6.1.2.1.1.1.0 kuma "bayyana kanka". Akwai wata, sysObjectID, da na'ura ke faɗin kamfanin da ya ƙera ta: lambar Cisco 9 ce, ta MikroTik 14988. Da wannan ne LibreNMS ke gane irin na'urar har ta san sauran tambayoyin da za ta yi mata. Ka lura, sunan da wurin ba manhajar ke ƙirƙiro su ba. Abin da ka rubuta a cikin na'urar shi za ta karanto. In ba ka rubuta komai ba, fili za ka gani.

Siga uku na SNMP ne ake amfani da su. Ta 1 da ta 2c suna dogara ne da kalma guda da ake kira community, kuma kalmar tana tafiya tsirara a kan waya, duk wanda ya kunna Wireshark, manhajar leƙen saƙonnin da ke bin waya, a daidai wuri zai karance ta. Ta 3 tana da sunan mai amfani, da kalmar sirri ta tantancewa, da ta ɓoye saƙo. Ni dai shawarata: duk na'urar da ta iya ta 3, ka sa mata ta 3; wadda ba ta iya ba, ka sa 2c; kada ka sauka zuwa ta 1 sai dole. Dalilin gudun ta 1 ba tsaro kaɗai ba ne. Ma'aunin zirga-zirgarta mai bit 32 ne, yana cika ya koma sifiri bayan bayit biliyan 4.29. A ramin soka waya na siwic da ke gudun gigabit ɗaya a cike, cikin daƙiƙa 34 ke nan, alhali LibreNMS duk minti biyar take zagayowa. Jadawalin da za ta zana maka ƙarya ce tsagwaronta. Ma'auni mai bit 64 sai daga 2c zuwa sama. Rediyoyin airMAX na Ubiquiti da suka ratsa ta hannuna, ta 1 kawai suke ji, to waɗannan ba yadda za ka yi, sai ka haƙura.

Kafin ka taɓa saitin SNMP ko ɗaya, zauna ka tsara sunaye. Tun ran gini ran zane. Na taɓa zuwa wani wuri da ke da rautocin MikroTik a rassa daban-daban, mai kula da su yana ta ƙorafi cewa guda ɗaya ce kawai ke shiga, sauran manhajar na korar su. Muka buɗe Winbox, manhajar shiga saitin MikroTik, sai ga shi kowacce sunanta "MikroTik", sunan da ta zo da shi daga kamfani. LibreNMS a saitinta na asali ba ta karɓar na'ura biyu masu suna ɗaya, tana ɗauka guda ce kake son sakawa sau biyu. Haka siwic na Cisco, in ba a taɓa shi ba sunansa "Switch". Kai da ke da biyu, ka duba wannan da farko, ba mamaki yana cikin abin da ya same ka. Akwai saitin da ke kashe wannan kariyar, allow_duplicate_sysName, amma kada ka taɓa shi. Gyara sunayen.

Suna ya zama mai faɗin wuri da iri da lamba, gajere, ba tazara a ciki. Misali GA-H1-SW01, wato ginin A, hawa na ɗaya, siwic na farko. GB-LAB-AP02, wato ginin B, ɗakin gwaji, na'urar Wi-Fi ta biyu. Kada ka sa sunan mutum. "Firintar Malam wane" tana da daɗi yau, amma badi an canja wa Malam ofis, firintar tana nan. Sunan da ka sa a ciki, shi za ka buga a takarda mai gam ka manna a jikin na'urar, a gefen da ake gani ba sai an sauke ta ba.

Sai adireshi. Duk abin da za ka sa wa ido dole adireshin IP ɗinsa ya tsaya wuri ɗaya, ko ka rubuta masa da hannu, ko ka keɓe masa a DHCP na rautar, wato tsarin da ke raba adireshi da kansa. Firintoci ne suka fi yin wannan tsiyar: a ɗauke wuta, a dawo, firinta ta karɓi sabon adireshi, manhajar ta ce ta mutu, wata kwamfutar kuma ta gaje tsohon. In da hali ka ware wa na'urorin netwok VLAN nasu daban, wato keɓaɓɓen sashe na netwok, wanda ɗalibai ba sa iya kaiwa gare shi. In babu hali yanzu, aƙalla ka ware musu zango, ka ce daga .2 zuwa .50 nasu ne, DHCP ya fara rabawa daga .100.

Yanzu saitin. A MikroTik, ka buɗe New Terminal, mu ƙaddara adireshin sabar ɗinka 192.168.99.10 ne:

/system identity set name=GA-H1-RT01
/snmp community add name=nmsuser addresses=192.168.99.10/32 security=private authentication-protocol=SHA1 authentication-password=KALMA-TA-FARKO encryption-protocol=AES encryption-password=KALMA-TA-BIYU
/snmp set enabled=yes location="Ginin A, hawa 1, ofishin ICT" contact="Sashen ICT"

Kada kalmar community ta ruɗe ka a nan, a RouterOS, manhajar da ke tafiyar da MikroTik, wurin ne ake ƙirƙirar mai amfani na siga ta 3, sunan da ka ba shi shi ne sunan shiga. Akwai wata community mai suna public da ke zuwa da rautar; ka canja mata suna ko ka taƙaita ta ga adireshin sabar kaɗai. Sannan ka leƙa dokokin katangar tsaro na sarƙar input, ka tabbata ba a tare UDP 161 daga wajen sabar ba. Daga ɓangaren intanet kuwa ƙofar nan ta kasance a rufe ruf. SNMP da aka bari a buɗe ga duniya ana amfani da shi wajen kai wa wasu harin cunkoso, ban da bayanan gidanka da yake rabawa kyauta.

A Cisco, cikin yanayin configure terminal:

hostname GA-H1-SW01
snmp-server group NMS v3 priv
snmp-server user nmsuser NMS v3 auth sha KALMA-TA-FARKO priv aes 128 KALMA-TA-BIYU
snmp-server location Ginin A, hawa 1, ofishin ICT
snmp-server ifindex persist
lldp run

Ka fita ka buga write memory, in ba haka ba da zarar wuta ta ɗauke duk wahalar ta tafi. Kowace kalmar sirri kada ta gaza harufa takwas. In ka duba show running-config ba ka ga layin mai amfanin ba, kada hankalinka ya tashi, haka Cisco ke ɓoye shi. Show snmp user zai nuna maka. Tunda na hannu ne siwic ɗin, ka karanta saitin da suka zo da shi layi-layi. Sau da yawa za ka tarar da community ta tsohon mai shi tana nan, wani lokaci har da izinin rubutu, RW. Goge ta. Manhajar sa ido karatu kawai take bukata. Wasu tsofaffin sigogin IOS, manhajar da ke tafiyar da siwic ɗin Cisco, kuma ba su da ɓoye saƙo kwata-kwata, in layin priv ya ƙi karɓuwa to ka koma 2c ka ɗaure ta da jerin izini mai barin adireshin sabar kaɗai.

Na'urorin UniFi na Ubiquiti ba a shiga ɗaya-ɗaya, daga manhajar da ke kula da su ake kunna SNMP sau ɗaya ya sauka kan duka. Firintocin netwok kuma ta shafinsu na burauza, ka buga adireshin, ka nemi sashen SNMP. Mafi yawansu a kunne suke zuwa da public, watakila ma su ne biyun da suka shiga maka. Za ka ji daɗinsu, domin har yawan tona da ya rage da adadin shafukan da aka buga suke faɗi.

To, kada ka garzaya shafin LibreNMS tukuna. Daga kan sabar ka fara gwadawa da hannu:

snmpwalk -v3 -l authPriv -u nmsuser -a SHA -A KALMA-TA-FARKO -x AES -X KALMA-TA-BIYU 192.168.99.1 1.3.6.1.2.1.1

In layuka suka zubo, ka ga sunan da wurin da ka rubuta, an gama, manhajar ma za ta karɓa. In ya ce Timeout, to ko SNMP a kashe yake, ko katanga ta tare, ko adireshin da ka ba izini ba shi ne na sabar ba, ko kuma, a siga ta 2c, kalmar community ba daidai ba ce, don na'ura ba ta cewa "ka yi kuskure", shiru kawai take yi. Siga ta 3 ta fi ladabi: za ta ce maka Unknown user name ko Authentication failure. Timeout a siga ta 3 bayan ka tabbata komai daidai ne, ka zargi kalmar sirri ta biyu, ta ɓoye saƙo. Wannan gwajin na daƙiƙa goma shi ke raba maka gardama, ka san matsalar daga na'ura take ko daga manhaja. Ka kuma tuna LibreNMS na fara buga ping kafin ta yi tambayar SNMP, na'urar da ke toshe ping za a ce ba a same ta ba ko da SNMP ɗinta lafiya lau.

Ita kanta sabar, tunda ka riga ka girka, ba zan maimaita matakan ba. Abu uku kawai. Ka koma mai amfani librenms, ka shiga /opt/librenms, ka gudanar da ./validate.php, kada ka ci gaba sai duk jan rubutun ya ɓace. Yawanci shi da kansa yake ba ka umarnin gyara. Na biyu agogo: yankin lokaci na Ubuntu da na PHP da na MariaDB su zama ɗaya, Africa/Lagos a Najeriya, Africa/Niamey ga 'yan'uwanmu na Nijar. Rautar ma ka kunna mata NTP, tsarin daidaita agogo ta netwok, don yawancin MikroTik ba su da batirin agogo. Na uku wuta. Sabar da ke mutuwa tare da sauran kaya duk lokacin da aka ɗauke wuta ba ta da amfani, kuma yankewar wuta kwatsam tana lalata rumbun bayanai. Ka ɗora ta kan inbata ko UPS, tare da siwic ɗin da take ciki. Ba sai babbar na'ura ba. Ga netwok irin naka ƙaramar kwamfuta mai faifan SSD ta wadatar, kuma ta fi sauƙin ciyarwa da batir. Ka dai riƙa bushe mata ƙura in hunturu ya kama.

Saka na'ura kuma ba wuya. A shafin, Devices, sai Add Device, ka rubuta adireshi, ka zaɓi siga, ka cike. Ko daga layin umarni:

lnms device:add --v3 -u nmsuser -a SHA -A KALMA-TA-FARKO -x AES -X KALMA-TA-BIYU 192.168.99.1

Akwai wani maɓalli, Force add, da ke cusa na'ura ba tare da gwaji ba. Yana da ranarsa, amma ba yau ba. Masu farawa na danna shi don kuskuren ya daina fitowa, sai su tara jerin na'urori jajaye da ba su taɓa amsawa ba.

Fara da rauta da manyan siwic biyun, da hannu. Bayan nan ne maganar abokinka za ta fara zama gaskiya. Siwic masu LLDP ko CDP suna sanin maƙwabtansu, wato na'urar da ke ɗaya bakin wayar. LibreNMS na karanta wannan jerin a zagayen bincike da take yi duk awa shida, ta gwada kowane maƙwabci da kalmomin sirrin da ka ajiye mata a saitin SNMP na gaba ɗaya, in ya amsa ta saka shi. Amma sai ka faɗa mata iyakar gonarka:

lnms config:set nets.+ 192.168.99.0/24
lnms config:set discovery_by_ip true

Layi na biyun yana da muhimmanci a wurinku. A asali manhajar na son ta sami sunan maƙwabcin a DNS, tsarin da ke haɗa suna da adireshi, kafin ta saka shi, ƙananan wurare kuwa galibi ba su da DNS na cikin gida, sai binciken ya riƙa wucewa shiru ba a san dalili ba. In kana son a share zangon gaba ɗaya lokaci guda, ./snmp-scan.py zai bi adireshin da ke cikin nets ɗaya bayan ɗaya. Zangonku kaɗai za ka sa, kada ka haɗa da na kamfanin da ke ba ku intanet.

Ina lambar siriyal ɗin take fitowa? A shafin kowace na'ura za ka ga samfurinta, da sigar manhajarta, da siriyal. Cisco ya fi kowa bayani, don yana cike teburin da ake kira ENTITY-MIB: a shafin Inventory za ka ga gangar jikin siwic ɗin, da abin ba shi wuta, da ƙananan na'urorin SFP na jona waya da aka soka, yawancinsu da lambarsu. MikroTik na ba da tasa ta lambobin kamfaninsa. Masu arha kuwa wasu ba sa faɗin komai. Duk wadda ta faɗa, ka gwada da abin da ke rubuce a jikinta, ko da show inventory a Cisco, ko /system routerboard print a MikroTik. Gani ya kori ji.

Amfanin wannan ya wuce cika takarda. Akwai inda na yi aiki, tsawa ta kashe wani siwic da damina, wani ma'aikaci ya ɗauko na ajiya daga sito ya maye gurbinsa, ya ba shi suna da adireshin tsohon, aiki ya ci gaba, bai faɗa wa kowa ba. Bayan watanni masu binciken kadarori suka zo, takarda ta ce akwai siwic ɗaya a sito, sito ya ce babu. Mai kula da sito har gumi ya fara keto masa, don an fara kallonsa. Na buɗe Eventlog na wannan na'urar, muka gangara baya, sai ga layi ɗaya: ranar kaza, ƙarfe kaza, siriyal ya canja zuwa wata lamba. Muka duba, lambar na ajiyar ce. Mataccen kuma muka same shi a bayan kabad, ƙura ta rufe shi. Layin nan ɗaya ya wanke bawan Allah.

Yanzu waɗanda ba za su taɓa amsawa ba. Ƙananan siwic ɗin nan na rami biyar ko takwas da ba a shiga cikinsu, ba su da adireshi, ba su da SNMP, babu manhajar da za ta gan su a duniya. Sai dai alama: in ka duba teburin FDB, jerin da babban siwic ke riƙewa na abin da ke bayan kowane rami, ka ga adireshin MAC (lambar katin netwok na kowace na'ura) goma a rami ɗaya da ya kamata a ce kwamfuta ɗaya ce, to akwai ƙaramin siwic a ɓoye a can, ko a ƙarƙashin tebur ko a cikin silin. Ka bi waya ka same shi, ka juya shi ka kwafe lambar. Kyamarori, da na'urar da ke naɗar hotunansu, da na'urar ɗaukar yatsa ta halartar ma'aikata, in ba su da SNMP ka kashe maɓallin SNMP a shafin Add Device, za a saka su da ping kaɗai, ka rubuta suna da samfuri da hannunka. Aƙalla za ka san ranar da ɗaya ta daina numfashi.

Kwamfutoci sittin ɗin kuma, kada ka wahalar da kanka da SNMP a kansu. Microsoft ta daɗe da ayyana SNMP na Windows a matsayin abin da ta daina bunƙasawa, bai iya siga ta 3 ba, kuma kwamfutar aji da ake kashewa kullum da yamma ja kawai za ta cika maka allo da shi. Nan ne littafi na biyu ke shigowa. Zaɓina a gare ka GLPI ne, manhaja ce kyauta da ta samo asali daga Faransa, kuma daga siga ta 10 da ta fito a 2022 tana karɓar ƙidaya kai tsaye. Za ka girka ƙaramar manhajar GLPI Agent a kowace kwamfuta, ita za ta riƙa turo samfuri, da siriyal, da girman ƙwaƙwalwa da faifai, da manhajojin da ke ciki, har da allon da aka jona. Kai kuma ka ƙara abin da na'ura ba ta sani ba: ranar saye, kuɗi, wanda ya sayar, garanti, wanda ke riƙe da ita, da ko tana aiki, ko tana sito, ko ta lalace. Siwic da rauta da ƙananan nan marasa baki duk ka shigar da su nan ma. In kana ganin GLPI ta yi maka nauyi, Snipe-IT ta fi sauƙi, ta ƙware wajen "an ba wane, wane ya dawo da shi" da buga lambar QR, sai dai ita ba ta leƙa netwok, komai da hannu ne ko daga fayil ɗin CSV. NetBox kuwa, wadda aka fara a kamfanin DigitalOcean aka sake ta ga jama'a a 2016, ta masu rak (kabad ɗin jera sabar da siwic) da yawa ce da dubban adireshi. Kyakkyawa ce, amma ba ita ce bukatarka a zangon nan ba. Kuma in lokaci ya ƙure, Excel mai tsabta ya fi GLPI da aka girka aka watsar.

Hattara da abu biyu a nan. Kwamfutocin haɗi, waɗanda aka harhaɗa a kasuwa, sau da yawa in ka tambaye su siriyal sai su ce "To Be Filled By O.E.M." ko "Default string". Guda ashirin na iya ba ka amsa iri ɗaya. Don haka kowace kadara ka ba ta lambar makaranta ta kanku, ka manna, siriyal ya zama shaida ta biyu. Sannan kada ka riƙi adireshin MAC a matsayin shaidar na'ura mai Wi-Fi: tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi ke ƙirƙirar na bogi ga kowane netwok, Windows ma tana da wannan zaɓin.

Haɗa littattafan biyu ba wani abu ba ne mai wuya. Sau ɗaya a wata ka ciro jerin LibreNMS, ko ta API ɗinta a /api/v0/devices, ko kai tsaye daga rumbun:

SELECT hostname, sysName, hardware, serial FROM devices;

Ka jera shi gefen rajistar kadarori. Abin da ke raye amma ba ya cikin rajista, wani ya jona abin da ba a sani ba, ko an saya ba a rubuta ba. Abin da rajista ta ce yana aiki amma ya yi makonni bai amsa ba, tashi ka je ka gani da idonka. Kuma in na'ura ta mutu ko ta ɓata, kada ka yi saurin danna Delete, don yana tafiya da duk tarihinta. Ka dakatar da zagayen tambayarta daga shafin Edit, ka rubuta abin da ya faru a Notes, sai an rufe maganarta a rajista sannan ka goge.

Faɗakarwa ka bar ta sai ƙarshe, kuma ka fara da kaɗan. LibreNMS na iya turo saƙo ta imel ko Telegram, amma a inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, in ba ka yi dabara ba wayarka za ta yi ta ƙara har ka daina dubawa. Ka yi amfani da Device Dependencies ka nuna mata cewa na'urorin ginin B duk a bayan siwic ɗin ginin B suke, in ya faɗi saƙo ɗaya za ta turo maimakon goma sha biyar. Ka kuma sa jinkiri a dokar faɗakarwar, kamar minti goma, don a ba mai tayar da janareta lokaci.

Game da wa'adin shugabanka, ga yadda zan yi da ni ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka makon nan ka ɗauki littafi da biro da tsani da fitilar waya, ka zaga gine-ginen uku ɗaki-ɗaki. Kowace na'ura ka rubuta samfuri da siriyal, ka ɗauki hoton takardar da ke bayanta, ka manna mata suna. Na'urorin Wi-Fi da ke manne a silin sai ka murɗo su daga mazauninsu kafin ka ga lambar, ka sami mai riƙe maka tsani. Mako na biyu ka bi su da suna da adireshi da SNMP, kana gwada kowacce da snmpwalk kafin ka saka ta. Na uku ka girka GLPI Agent a ɗakin kwamfuta. Wadda ta ƙi shiga bayan duk wannan, ka turo min samfurinta da ainihin abin da snmpwalk ya rubuta, amma ka goge kalmomin sirrin daga layin kafin ka turo.